Abin da Ke Ƙarƙashi

Tabawa ta aiko murya da asuba,
ina alwala a bayan shago a Ojota,
janareton maƙwabci yana tari.
Ta ce, Baba, dusar ƙanƙara ta sauka a duwatsunmu,
ta fari ce, ko gwiwa ba ta kai ba,
kuma ita muka fi tsoro.

Na ajiye buta. Na sake kunnawa.

Ta ce wadda ta zuba da wuri
takan kwana a fili, dare goma, dare ashirin,
sanyi yana cin ta ta ciki
har ta koma kamar sukarin mai shayi,
ƙwaya ba ta riƙe 'yar'uwarta.
Sai babbar ta zo daga baya ta kwanta a kai,
fara fat, sumul, kamar an yi daɓe.
Mai wucewa daɓen yake gani.
Ba ya ganin sukarin.

Ita aikinta haƙa rami.
Shekara shida ana karatu, ga kuɗin jirgi, ga na riga mai kauri,
ta ƙare da shebur a hannu kamar ubanta.
Takan share bangon ramin ta danna yatsa,
nan tauri, nan taushi,
nan hannu ya shige har wuya,
ta rubuta da fensir
don biro daskarewa yake yi.

'Yata, ni ban san ƙanƙara ba
sai wadda Iya Morufu ke fasawa a kan lemo.
Amma dutsen da ya ciyar da ke, na san shi.
Shekara ashirin da uku ina hawan bolar Olusosun
da ƙugiya da buhu.
Na san leda ba ta riƙe leda.
Na san inda toka ta kwanta tun rani,
motoci suka juye jiƙaƙƙen kaya a kanta,
katafila ta bi ta shafe, ka rantse kwalta ce.
Ruwan tsakiyar damina kowa ya san da shi.
Na farko ne, na watan Maris,
wanda yara ke fita tsalle a cikinsa,
shi ke lalubar hanya a hankali
har ya iske tokar.

Barau ya fi ni ƙarfi, ya fi ni ido.
Ran nan ya hango tagulla tana ƙyalli a gangare,
waya mai kauri, kuɗin hayar wata biyu.
Na ji ƙasa ta ce dim a ƙarƙashin takalmina,
sau ɗaya,
kamar an sauke buhun shinkafa a ɗakin da ke gaba.
Balbelu suka tashi gaba ɗaya.
Na buɗe baki.
Gangaren ya riga ni.

Mun tona har la'asar da hannu da murfin tukunya.
Hularsa muka fara samu.

Kina aji uku lokacin.
Na ce miki Barau ya koma Gumel.

Yanzu ga ki kina ce mini ku ma kuna jin ƙarar nan,
har suna gare ta a bakin mutanen can,
kuma wanda ya ji ta ya juya,
ko da saura taku goma ya kai ƙololuwa.
Kina dariya a ƙarshen saƙon,
iska tana yanke miki magana.

Na danna wayar don in ba ki amsa.
Na farko danfo ya cinye shi da oda.
Na biyu na faɗi sunan Barau, na goge.
Na uku na ce, mun wuni lafiya, ruwa ya ɗauke a nan,
tumatur ya yi tsada a Mile 12,
ki ci abinci mai zafi.
Na yi shiru har wayar ta ƙirga bakwai.
Na ce, ramin nan da kike haƙawa,
kada ki yi ƙiwa, ki kai shi har ƙasa.